Kafin gari ya dangwala hannu a takardar cinikin kabon, a fara buɗe Dokar Filaye

Kamfanin da ya shigo ƙauye da maganar cinikin kabon yakan fara ne da kwantar wa dagaci hankali: gona tana nan a hannun mai ita, shi dai iskar da bishiyoyi ke zuƙa yake neman izinin sayarwa. Wannan magana rabin gaskiya ce. Takardar da ake miƙowa takan ɗaure abin da mutum zai yi da filinsa na shekara 30 zuwa 40, ta hana sara, ta taƙaita kiwo, ta kuma bi filin har hannun magada. A ganina yarjejeniyar ƙasa ce, kuma irin binciken da ake yi wa cinikin gona shi ya kamata a yi mata, da lauyan da garin ya ɗauka da kansa, wanda ba ya cin albashin kamfanin.

Hajar da ake cinikin ita ce takardar kabon. Kowace ɗaya tana matsayin shaidar cewa an hana tan ɗaya na iskar kabon fita, ko an janye shi daga sararin sama. Kafin ta fito sai an rubuta tsarin aikin, mai bincike mai zaman kansa ya tantance, a yi rajista a wata hukuma kamar Verra ko Gold Standard, a auna, a sake tantancewa. A aikin bishiya wannan yakan ɗauki shekaru kafin a ga ko sisi. Kasuwar kuma iri biyu ce. Akwai ta ganin dama, inda kamfanoni ke saye don goge hayaƙinsu a takarda. Akwai ta Sashe na 6 na Yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi, wadda aka shimfiɗa ƙa'idojinta a Gilasgo a 2021 aka kammala a Baku a 2024. A wannan ta biyun, idan wata ƙasa za ta lissafa tan ɗin a cikin alƙawarinta na rage hayaƙi, sai gwamnatin ƙasar da aka yi aikin ta ba da izini a rubuce, ta kuma cire shi daga nata lissafin don kada a ƙirga sau biyu. Takardar da ke da wannan izini ta fi daraja, don haka kamfanin da ya ce yana da shi, a ce ya nuna wasiƙar.

Dokar Sauyin Yanayi ta Najeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2021, ta kafa Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi ƙarƙashin shugaban ƙasa, ta tanadi asusu, ta ba majalisar aikin tsara harajin kabon da cinikin hayaƙi. Tun 2023 majalisar ta bayyana cewa masu irin wannan aiki su nemi takardar rashin ƙin amincewa daga gare ta. Abin da dokar ba ta yanke ba shi ne tambayar da ta fi damun manomi: kabon da ke cikin gawo ko ɗorawar da ke gonarsa, na wa ne? Tunda doka ta yi shiru, abin da aka rubuta a yarjejeniya shi ne zai yi magana a kotu. Kuma wanda ya rubuta takarda, da wuya ya rubuta ta a kan kansa.

Nan ne Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ke shigowa, kuma a nan ayyuka da yawa ke tuntuɓe. Sashe na 1 ya damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da manomi yake da shi haƙƙin zama da amfani ne, ko na doka daga gwamna, ko na gargajiya daga ƙaramar hukuma. Sashe na 22 ya hana mai haƙƙin doka sayarwa, jinginarwa, ba da haya ko miƙa filin ta kowace hanya ba da yardar gwamna ba. Sashe na 21 ya ɗora irin wannan sharaɗi a kan haƙƙin gargajiya, inda a mafi yawan lokuta ƙaramar hukuma ce ke amincewa. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Kotun Ƙoli, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989, ta tabbatar cewa neman yardar gwamna ya hau har kan wanda ya riƙe filinsa tun kafin dokar. Sannan Sashe na 6 ya hana ƙaramar hukuma ba da fiye da hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo sai gwamna ya yarda. Aikin kabon da zai iya biyan kuɗin tantancewa yakan buƙaci dubban hektoci, saboda haka takardar da ke ɗauke da hatimin shugaban ƙaramar hukuma kaɗai abar tuhuma ce tun daga shafin farko.

Sai kuma wanda ya sa hannun. Hakimi da dagaci da mai unguwa shaidu ne masu daraja, amma sarauta ba ta ba su ikon ɗaure gonar talaka ba. Gandun da ba a raba gado ba yana da masu haƙƙi da yawa, har da mata da marayu, kuma babban wa ba zai ɗaure rabonsu ba sai da wakilci a rubuce. Dajin gwamnati da makiyayar da aka keɓe a ƙarƙashin dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ba na gari ba ne balle ya bayar. Mafita ita ce jama'a su yi rajistar ƙungiyar gama kai, ko amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, su buɗe asusun banki mai masu sa hannu akalla uku, a zana iyakar kowane fili da na'urar GPS a liƙa a bayan yarjejeniyar. Inda masu dangwala yatsa ba su iya karatun boko ba, dole a karanta musu da Hausa ko Fulatanci, wanda ya rubuta ya sa sunansa da adireshinsa da shaidar cewa ya karanta musu sun fahimta, kamar yadda dokokin kare marasa karatu suka tanada.

Makiyayi shi ne aka fi mantawa da shi, domin ranar taron ƙofar fada yana can mashaya ko ya yi kudu da shanu. Taswirar da ta haɗiye burtali rigima ce aka shuka. A Kenya, a Janairun 2025, kotun muhalli da filaye ta Isiolo ta yanke cewa an kafa wasu gandayen kare daji biyu a filin al'umma ba bisa doka ba, saboda ba a tuntuɓi jama'a yadda ya kamata ba, kuma hukuncin ya girgiza wani babban aikin kabon na yankin makiyaya. Jihohi 11 da aikin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ya ratsa, daga Kebbi da Sakkwato zuwa Yobe da Borno, ƙasar noma da kiwo ce a haɗe, don haka darasin namu ne kai tsaye.

Wajen kuɗi, kalma ɗaya ce ke raba riba da asara: kason gari daga jimillar ciniki za a cire, ko daga abin da ya rage bayan kamfani ya cire ɗawainiya? A ɗauki misali don lissafi kawai. Hekta 1,000 ta ba da tan 3,000 a shekara. Hukumar rajista ta riƙe kashi 20 cikin 100 a asusun ko-ta-kwana saboda gobara ko fari, saura 2,400. An sayar dala 10 kowanne, dala 24,000 ke nan. Kashi 30 na jimilla dala 7,200 ne. Idan kamfani ya fara cire dala 15,000 na ɗawainiya, kashi 30 ɗin ya koma dala 2,700. A raba wa magidanta 500 a ga abin da kowa zai kai gida, sannan a auna shi da itace da harawa da kiwon da aka hana shi. Akwai kuma dabarar da kamfani zai sayar wa ɗan'uwansa kamfani da arha, shi kuma ya sayar da tsada a waje. Maganinta a rubuta mafi ƙarancin farashi, a ba gari ikon ganin rasitan ciniki da lambobin takardun a rajista duk shekara, kuma a ɗora kason a kan farashin mai saye na ƙarshe. Farashin ma ba shi da tabbas: takardun kabon na tsohon tsarin Yarjejeniyar Kiyoto sun faɗi ƙasa da yuro ɗaya a ƙarshen 2012, ayyuka da dama suka mutu a tsaye. Shi ya sa ya kamata a nemi kuɗin haya tsayayye a kan kowace hekta, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

A duba kuma wa zai ɗauki asara idan bishiyoyi suka mutu. Wasu takardu sukan ɗora wa manomi biyan diyya ko da gobarar daji ce ko fari. Wannan sharaɗi a soke shi, laifin ganganci kaɗai ya hau kansa. A fayyace cewa tsintar 'ya'yan itace, sassabe, yankan reshe don dabbobi da ɗibar magani suna nan halal. A hana kamfani miƙa yarjejeniyar ga wani ba da yardar gari ba, a kuma sa wa'adi: idan shekara uku ko huɗu ta wuce ba a yi rajista ba, haƙƙin kabon ya dawo wa masu fili. Sharaɗin da ya ce za a warware saɓani a Landan ko Dubai daidai yake da cewa ba za a warware ba, domin babu ƙungiyar manoma da za ta iya kuɗin zuwa. Najeriya tana da Dokar Sulhu da Sasanci ta 2023, a rubuta dokar Najeriya, a rubuta babban birnin jihar.

Manoman Maraɗi da Damagaram da suka raya miliyoyin bishiyoyi ta hanyar sassaben zamani suna da wata matsalar daban. Kasuwa tana biyan abin da ba zai faru ba in ba don kuɗinta ba, saboda haka gawon da ya girma shekara 20 da suka wuce ba ya kawo takarda. Wanda ya yi wa manomi alƙawarin kuɗi a kan tsofaffin bishiyoyinsa, ko bai san ƙa'ida ba ko yana ɓoye ta. Haka aikin murhu mai tsimin itace: wani binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, wanda ya fito a 2024, ya gano an kumbura lissafin irin waɗannan ayyuka kusan ninki tara. Uwargidan da aka ba murhu da arha aka ce ta dangwala a ƙaramar takarda, haƙƙin kabon ɗinta ta miƙa, kuma ya kamata a gaya mata hakan ƙarara.

Lauya mai kyau zai kare garin da ya same shi, amma garuruwa nawa ne za su samu? Wannan gurbi doka ce za ta cike shi. Kenya ta gyara dokarta a 2023, ta wajabta yarjejeniyar raya al'umma, ta sa kason jama'a akalla kashi 40 cikin 100 a aikin da ya shafi ƙasa, kashi 25 a wanda bai shafa ba. Ghana ta fitar da tsarinta a 2022, shekarar da ta ba da izinin aikin rage iskar methane a gonakin shinkafa tare da Suwizalan. Manufa da sanarwa ba su da ƙarfin doka a gaban alƙali. Ya kamata Majalisar Tarayya ta gyara dokar 2021 ta fayyace cewa kabon na mai haƙƙin fili ne, ta sa mafi ƙarancin kason al'umma daga jimillar ciniki, ta kuma wajabta rajistar da kowa zai iya dubawa. Gwamnoni kuwa ikon yana hannunsu tun yanzu: kada ma'aikatar filaye ta ba da yarda a kan kowace yarjejeniyar kabon sai an kawo taswira mai nuna burtali da mashaya, da rubutaccen bayanin taron jama'a, da kwafin yarjejeniyar cikin harshen da masu filin ke ji.