Leda kaɗai ba ta isa ba

Akwai wani rahoto da ya ce a ɗaure ƙananan ayaba a leda don kada su nuna da wuri. Ya faɗi gaskiya, amma ya bar rabin zancen. Ayaba da kanta take fitar da iskar etilin, ita ce ke sa ta nuna. In ka kulle ta a leda a wuri mai zafi, babu abin da zai tsotse iskar, sai ka buɗe ka tarar ta yi laushi tana gumi, ɓawon bai ma yi rawaya sosai ba. Abin da ke aiki shi ne fotasiyam famanganet, wata hodar sinadari mai launin shunayya da ke tsotse iskar etilin. A jiƙa gutsuren jan bulo a ruwanta, ya sha iska, a ƙunshe shi daban a sa cikin ledar. Kada dai ya taɓa ayabar, don yana ƙona ɓawo, kuma ba abin kai wa baki ba ne. In launin ya koma ruwan ƙasa, ƙarfinsa ya ƙare, sai a canza.

Masu cewa a sa a firji kuma, ku yi hattara. Ɗanyar ayaba ba ta jure sanyin da ya yi ƙasa da digiri 13 a ma'aunin Celsius. Ɓawon zai dushe ya yi baƙi, ta ƙi nuna yadda ya kamata.

Ƙananan ayabar nan ɓawonsu ba kauri, ɗan bugu wajen lodi ya isa ya tada nunar. Kuma a riƙa zare duk wadda ta fara rawaya daga tarin, don ita za ta ja sauran.