Yadda Littattafan Soyayya Suka Ci Mini Kwangila

Akwai wani nau'in littattafan soyayya da ya daɗe da kama ni, wato waɗanda jarumi da jaruma suke riƙe da kamfanoni biyu masu gaba da juna, kowanne ya rantse sai ya ga bayan ɗan'uwansa a kasuwa, amma kafin a kai bangon ƙarshe sai a tarar an haɗa kamfanonin an kuma yi aure. Ba yau aka fara sana'ar ba, domin kamfanin Mills & Boon da ya yi suna wajen buga labaran soyayya tun 1908 aka kafa shi a Landan, kuma a 1971 kamfanin Harlequin na Kanada ya saye shi, abin da ni na ɗauka hujja ce cewa ko masu buga littattafan ba su tsira daga haɗewa ba. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka ta ce abubuwa biyu ne ba makawa a irin wannan labari: soyayya ta zama ƙashin bayansa, ƙarshensa kuma ya faranta rai. Na biyun ne ya yi mini illa, saboda shi ya cire mini tsoron abokin hamayya.

Duk wanda ya karanta kaɗan daga cikinsu ya san yadda ake ɗinka su. Haɗuwar farko dole ta zama ta rashin mutunci, a yi harara a gaya wa juna baƙar magana. Daga nan sai wata larura ta tsare su wuri guda, ko lif ya tsaya da su, ko jirgi ya fasa tashi. A nan ne jarumin, wanda tun farkon littafin bai taɓa murmushi ba, zai yi ajiyar zuciya ya ba da labarin wahalar da mahaifinsa ya sha, ita ma ta buɗe masa cikinta. Idan an ci kashi uku cikin huɗu na littafin sai a samu abin da ya yi kama da cin amana, ta gano yana sayen hannun jarin kamfaninta a ɓoye don ya wuce kashi 50 cikin ɗari ya ƙwace ragama. A babin ƙarshe kuwa zai miƙe a gaban hukumar gudanarwa ya yayyaga takardar yarjejeniya, ya ce ya fasa, ita yake so. Na karanta wannan tsari har ya zame mini kamar karatun sallah.

Ni ma'aikaciya ce a wani ƙaramin kamfani mai samar wa ofisoshi kayan aiki, irin su takarda da tawada da fayil, kuma ni ce mai shirya takardun neman kwangila. Aikin yana da doka guda da ta fi sauran nauyi: kowane kamfani zai rubuta farashinsa ya rufe a ambulan ya jefa a akwati, ba wanda zai san abin da wani ya rubuta sai ranar da aka buɗe a gaban kowa, kuma galibi wanda ya cika sharuɗɗa ya fi sauƙin farashi shi ne da nasara. Akwai wani kamfani da ya addabe mu a wannan fage, mai shi wani dogon mutum ne marar fara'a, wanda idan aka gaishe shi sai ya ɗaga gira kawai.

A taron da aka kira don yi wa masu neman wata babbar kwangila bayani, na ajiye jakata a kan kujera na fita amsa waya, da na dawo sai na iske jakar a ƙasa, shi kuma ya harɗe a wurin. Na ce, "Malam, ai kujerata ce." Ko kallona bai yi ba ya ce, "Ban ga suna a jikinta ba, Malama." Mai cikakken hankali da ransa ne zai ɓaci, ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin na gane babi na ɗaya ne ya buɗe. Na tsaya a bayan ɗaki har aka tashi, ƙafafuna suna zugi, ina ta murmushi ni kaɗai.

Kafin a tashi ma sai da ya ƙara mini hujja. Ya ɗaga hannu ya nemi a rubuta a sharuɗɗa cewa takardar A4 da za a kawo dole ta zama mai giram 80, alhali sitonmu cike yake da mai giram 70, wadda ta fi araha ta kuma fi sirantaka. Da wannan magana guda ya mayar da rabin kayanmu marasa amfani a kwangilar. Ogana da ya ji labari sai da ya dafe kai, ni kuwa lissafina daban ne: mutumin da ya san nauyin takardar da ke cikin sitonmu, ai ba ƙaramin tunaninmu yake yi ba, kuma a kamfaninmu kaf ba wanda ya cancanci a yi tunaninsa haka sai ni.

Ranar miƙa takardu, jami'in da ke riƙe da rajistar akwatin ya makara, aka bar mu mu biyu a kan benci guda a wani dogon baranda, kowa da ambulan ɗinsa a cinya. Lif bai tsaya da mu ba, amma na ga benci ma zai wadatar. Can sai ya yi ajiyar zuciya, ya ce wannan sana'a ta lalace, mahaifinsa da kabad guda ya fara ta, kuma a zamaninsa mutum yana cin riba ba tare da ya yanka kansa ba. Na ji tsigar jikina ta tashi. Ga ajiyar zuciya, ga mahaifi, ba abin da ya rage sai ni ma in buɗe cikina kamar yadda tsari ya tanada. Na laluba rayuwata ban sami wani tsohon ciwo da zan ba shi labari ba, domin iyayena lafiyarsu ƙalau, kuma ba wanda ya taɓa ƙwace mana kamfani. Sirri guda nake da shi a duniya a wannan lokaci, yana kuma kwance a cinyata. Sai na sassauta murya na ce mu ma haka abin yake, mun zaftare ribarmu har ƙashi, na kuma faɗa masa abin da muka rubuta a kan kowane rim mai takarda 500.

Ya juyo ya dube ni, karo na farko tun da na san shi, kallo mai tsawo wanda har yau ba zan ce ba godiya a cikinsa ba. Sannan ya ce in yi masa uzuri zai amsa waya, ko da yake ban ji wayar ta yi ƙara ba. Ya sauka wurin motarsa da ambulan a hannu, ya dawo da wani wanda gam ɗinsa bai gama bushewa ba. Na lura da gam ɗin sarai, na kuma fassara shi nan take: ya je ya ƙara farashinsa ne don in ci. A Amurka tun 1890 dokar Sherman ta haramta wa abokan hamayya haɗa baki a kan farashi, ƙasashe da dama kuma suna da irin wannan doka, amma ban taɓa karanta littafin da lauya ya leƙo a daidai wannan babi ba. Ko da ya leƙo ma ban san sunan da zai ba abin da ya faru ba, tunda haɗa baki sai da baki biyu, nan kuwa nawa kaɗai ya yi aiki.

Da aka buɗe akwati aka fara karanta farashi da ƙarfi, nasa ya gaza namu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, irin tazarar da ba a samunta sai an ga amsa. Ogana ya juyo a hankali ya zuba mini ido. Ni ko gezau, domin na san kashi uku cikin huɗu muka ci, kuma cin amanar nan wajibi ce. Na ƙura wa mutumin ido ina jiran ya miƙe. Ya kuwa miƙe, ya gyara rigarsa, ya taka zuwa gaban tebur a natse, ya ari biro ya sa hannu a rajistar mahalarta.

A bakin ƙofa wata mata mai fara'a ta tare shi da murna, aka ce mini matarsa ce, ita ce kuma mai kula da kuɗin kamfanin. Idonta ya faɗa kan littafin da ya leƙo daga jakata, sai ta riƙo hannuna ta ce, "'Yar'uwa, ke ma kina karanta irin waɗannan? Ai labarinmu ne." Ta ce da can tana da nata kamfanin kayan ofis, sun yi shekaru suna ƙwace wa juna kwangila ba ko gaisuwa, kafin su haɗa kamfanonin. Ta yi dariya ta ƙara da cewa, "Kin san a kan kujera muka fara faɗa?" Ashe littattafan ba ƙarya suke yi ba, sai dai nasa an daɗe da rufe shi, ni kuwa ina cikin mutanen nan da ake ambata a shafi guda ba tare da suna ba, waɗanda aikinsu kawai su rasa kwangila don mai karatu ya san jarumi ba ya wasa. Ta roƙi aron littafin, na kuwa ba ta, don ban ga amfanin hana mai abu abinsa ba.

A hanyar komawa oga ya tambaye ni yadda aka yi farashinsu ya matso namu haka, na ce, "Yallaɓai, kasuwa ce." Bai ce komai ba, amma tun daga lokacin shi yake rubuta farashi da hannunsa, ya manne ambulan kafin ya miƙo mini. Littafina bai dawo ba har yanzu, sai dai matar ta aiko direbansu ya tambaya ko ina da kashi na biyu, ta kuma haɗo da saƙon mijinta cewa idan takardunmu masu giram 70 sun rasa mai saye, zai taimaka ya karɓa a rabin kuɗi.