Jini a ruwan kurkurar baki

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Ranar Juma'a a wajen alwala na masallacin Sultan Bello, wani dattijo da ke tsugune kusa da ni ya kurkure baki ya tofar, sai ga ruwan jajir. Na ce, "Baba, lafiya kuwa?" Ya ce, "Ba komai ɗana, ƙarfin asuwaki ne, na shekara goma a haka." Na ja bakina, amma abin ya tsaya mini a rai.

Dasashi mai lafiya ba ya jini don an goge baki. Idan dauɗa ta daskare a gindin haƙora, ƙwayoyin cuta ke kumbura dasashin, kuma ta wurin da jinin ke fitowa su ma suke samun ƙofar shiga jiki. Likitoci sun daɗe da lura cewa masu ciwon dasashi mai tsanani sun fi saura kamuwa da ciwon zuciya. Ba su ce shi kaɗai ke jawo shi ba, domin sigari da ciwon suga kowanne yana ɓata dasashi, yana kuma ɓata jijiyoyin jini.

Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce asuwaki tsarki ne ga baki, yarda ce ga Ubangiji. A Bukhari da Muslim ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da shi a kowace salla. Mu kuwa sai Juma'a muke tuno shi, wani ma don dai a gan shi a aljihun gaba.

Sai cimarmu. Ƙarancin bitamin C kaɗai ya isa ya sa dasashi jini. Shi da 'yan uwansa masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa suna jibge a faifan masu talla a Kasuwar Bacci ta Kaduna: gwaiba, lemo, tattasai, zogale, garin ƙwallon kuka. Amma za ka ga magidanci ya sayi lemon kwalba da goro ya wuce mai gwaiba. Uwargida, ke ma a sassauta wa ganye wuta, doguwar dahuwa tana kashe bitamin ɗin.

Wanda jinin ya ƙi tsayawa, ko haƙorinsa ya fara girgiɗi, ya je wurin likitan haƙori a kankare masa dauɗar. Idan ya haura shekara 40, ya sa a gwada masa hawan jini da suga tun yana asibitin.