Kafin a ce mutanen Garwa sun ƙi allurar korona

A nan Faransa inda nake zaune, duk lokacin da hira ta kai ga annobar korona sai an samu wanda zai ce mutanen Afirka ne da kansu suka ƙi allurar riga-kafi, kuma abin da ya fi damuna shi ne wasu daga cikin 'yan'uwanmu na gida sun karɓi wannan hukunci sun rataya wa kansu. Ni haifaffen Garwa ne a arewacin Kamaru, amma a Faransa aka yi mini tawa allurar, kuma duk tsawon shekarar 2021 ina bin halin da iyalina suke ciki ta waya. Abin da na gani shi ne, a Faransa allura ce ta zauna tana jiran mutane har suka gama shakkarsu, a arewacin Kamaru da Chadi kuwa mutane ne aka bari suna jiran allura har shakka ta samu wurin zama a zukatansu.

Ya kamata a fara sanin cewa Faransawa ba su karɓi wannan allura hannu bibbiyu ba. Wani binciken ra'ayi da kamfanin Ipsos ya gudanar a watan Disamba na 2020 ya nuna kusan kashi 40 cikin ɗari ne kawai suke da niyyar yin ta, adadin da ya sa Faransa cikin ƙasashen da suka fi kowa ɗari-ɗari. Jita-jitar da ta yi yawo a wayoyin mutanen Garwa da Marwa, cewa allurar tana hana haihuwa ko tana kashe mutum bayan ɗan lokaci, na ji irinta da Faransanci a bakin maƙwabtana da abokan aikina. Duk da haka an fara riga-kafi ranar 27 ga Disamba 2020, kafin tsakiyar Afrilu mutum miliyan 10 sun karɓi allurar farko, a watan Satumba kuma adadin ya kai miliyan 50. Babu wani wa'azi da ya sauya halin mutane cikin wata tara. Abin da ya faru shi ne allurar tana nan kullum, kyauta, a asibiti da kantin magani da ɗakin taron unguwa, har babban filin ƙwallo na Stade de France aka mai da shi wurin yin allura a farkon Afrilu. Mai shakka yana iya jinkirta wata uku yana kallon maƙwabcinsa da aka yi wa, ranar da hankalinsa ya kwanta ya ɗauki waya ya zaɓi rana da sa'a, ya je ya tarar da ita.

A Kamaru an fara ranar 12 ga Afrilu 2021, da allurai 200,000 na Sinopharm da ƙasar Sin ta bayar kyauta, sannan bayan 'yan kwanaki shirin COVAX na raba allurar korona tsakanin ƙasashen duniya ya kawo 391,200 na AstraZeneca. Idan aka haɗa su aka raba biyu, tunda kowane mutum sau biyu ake yi masa, ba za su ishi mutum 300,000 ba, a ƙasar da yawan jama'arta ya kai wajen miliyan 27. Chadi ba ta fara ba sai ranar 4 ga Yuni, ita ma da 200,000 na Sinopharm, kwanaki kaɗan bayan Faransa ta buɗe wa duk wanda ya kai shekara 18 ƙofa. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma ya ce mutane sun ƙi, sai a tambaye shi me aka miƙa musu da har suka ƙi.

Akwai kuma batun lokaci, wanda ban ji an cika ambatarsa ba. Ranar da aka ƙaddamar da shirin a Yawunde ta faɗo ne a jajibirin azumin Ramadan, a cikin zafin watan Afrilu wanda duk mutumin Garwa ya san yadda yake. Malamai da yawa sun bayyana cewa allurar riga-kafi ba ta karya azumi, amma bayanin malami yana bukatar lokaci kafin ya ratsa unguwanni, kuma mai azumin da aka gaya masa zai iya yin zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu yana da hujjar cewa a bari sai bayan salla. Bayan salla kuwa damina ta kawo kai, hanyoyin ƙauye suka fara yankewa, manoma suka koma gona. Tun kafin wannan lokacin ne Indiya, wadda masana'antarta ta Serum Institute ke yin mafi yawan AstraZenecan da COVAX ya dogara da shi, ta dakatar da fitar da allurai saboda annobar ta yi mata tsanani a gida, kuma ba ta koma aika wa COVAX ba sai ƙarshen Nuwamba. Ƙasashe masu arziki sun riga sun saye abin da sauran masana'antu za su yi tun kafin a yi shi, wasu har ninkin yawan jama'arsu.

Irin allurar da aka kawo ma ta zo da nata tabon. A tsakiyar Maris 2021 Faransa da Jamus da wasu ƙasashen Turai sun dakatar da AstraZeneca saboda matsalar daskarewar jini da aka gani a mutane ƙalilan, kuma da Faransa ta dawo da ita sai ta keɓe ta ga masu shekara 55 zuwa sama. Mutanenmu suna sauraron RFI da BBC da DW da Hausa da Faransanci, sun ji wannan labari a ranar da aka yi shi, wata guda bayan haka kuma aka ce musu ga ita an kawo, kowa ya zo. Da Tarayyar Turai ta fito da takardar shaidar riga-kafi ranar 1 ga Yuli, Covishield, wato AstraZenecan da ake yi a Indiya wanda shi aka raba wa Afirka, ba ya cikin jerin waɗanda hukumar magungunan Turai ta amince da su, sai daga baya Faransa ta karɓe shi, Sinopharm kuwa ba ta wadatar da matafiyi ba duk da amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ɗan kasuwar da ke da niyyar tafiya ya ga an yi masa abin da masu bayarwa ba su yarda da shi a bakin iyakarsu ba. Na yi imani allurar tana da kyau kuma ta ceci rayuka masu yawa, amma ba zan kira wanda ya yi tambaya a cikin wannan hali jahili ba. A yankin da manya ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, tambaya hakkin mutum ce, kuma amsa ta gaskiya ce maganinta.

Daga nan sai doguwar tafiyar da kwalba take yi kafin ta kai hannun mai allura. Abin da ya sauka a Yawunde sai ya haura zuwa Ngaundare, ya gangara Garwa, ya wuce Marwa, kafin a yi maganar hanyar Mora zuwa Kusiri wadda direbobi suka san wahalarta da rashin tsaronta. AstraZeneca da Sinopharm da Johnson & Johnson suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ba tare da yankewa ba, Pfizer kuma a farko sai an ajiye ta a wajen digiri 70 ƙasa da sifiri. A wannan shekarar ruwan madatsar Lagdo, wadda arewa ta dogara da ita wajen lantarki, ya ja baya ƙwarai, ana raba wuta unguwa-unguwa, saboda haka ƙaramin asibitin da ba shi da firji mai aiki da hasken rana ba shi da hanyar ajiye komai. Sannan kwalbar AstraZeneca ɗaya ta mutum goma ce, kuma idan an buɗe ta dole a ƙarar cikin sa'a shida. Wani kawuna da ya haura shekara sittin, mai ciwon sukari, ya hau babur ɗan haya ya je wani asibiti a cikin gari, aka ce masa ya jira a cika goma domin kada a yi asarar sauran. Ya zauna har azahar ba a cika ba, ya koma gida ya biya kuɗin babur zuwa da dawowa. Ma'aikaciyar ba ta yi laifi ba, domin allurar ta yi ƙarancin da ba za ta iya zubar da bakwai saboda uku ba. Amma a cikin lissafin hukuma kawu yana cikin waɗanda ba a yi wa ba, kuma daga wannan lissafin ne aka ciro maganar cewa mun ƙi.

Da kyautar allurai ta fara kwararowa a ƙarshen shekara, da yawa sun iso ne saura makonni su lalace, ba tare da sanarwar da za ta ba ƙasa damar shiri ba. Najeriya ta lalata sama da miliyan ɗaya a Abuja cikin Disamba 2021 saboda haka, kuma hotunan sun zagaya duniya a matsayin shaidar cewa ba a so. Kasuwar ƙauye tana cika ne domin kowa ya san ranarta, ya kuma san zai tarar da kaya. Kasuwar da za ta ci yau ba shiri, ta ɓace wata biyu, ta dawo da kayan da suka kusa ruɓewa, ba za a zargi masu saye ba idan ta watse.

Ba na ɗora komai a kan ƙasashen waje. Gwamnatinmu ta Kamaru ta ware asusu na musamman na sefa biliyan 180 domin yaƙi da annobar, kuma rahoton sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli ya nuna an yi almubazzaranci da aringizon farashi a cikinsa, labarin da ya fito fili a watan Mayu 2021, daidai lokacin da ake roƙon jama'a su amince da hukuma su miƙa hannu. An kuma yi jinkirin shigar da lamidai da limamai da masu unguwanni, an fi magana da Faransanci a talabijin alhali Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa ake ji a kasuwa, kuma ma'aikatan da ke shiga gida-gida sun sha kukan jinkirin alawus ɗinsu. Waɗannan namu ne, babu wanda ya aiko mana da su daga Turai.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce abin da wannan yanki ya riga ya nuna. Mu da muka tashi muna jin tsoron sanƙarau duk lokacin da iskar hunturu ta juya zuwa bazara mun ga abin da ya faru a ƙarshen 2011, da aka kawo allurar sanƙarau ta MenAfriVac arewacin Kamaru da Chadi. An yi ta ne musamman domin ƙasashenmu, farashinta bai kai rabin dala ba, sau ɗaya ake yin ta, an kawo isasshiya a lokaci guda, daga baya ma aka tabbatar tana jure zafin digiri 40 har kwana huɗu. A Injamena da jihohi biyu na kusa da ita an yi wa mutum kusan miliyan 1.8 cikin watan Disamba, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cutar ta ragu da kashi 94 cikin ɗari a inda aka yi. Mutanen da suka yi layi a rana domin wannan allura su ne dai aka ce bayan shekara goma ba su san amfanin riga-kafi ba. Gaskiya ne sun ga sanƙarau yana kashe 'ya'yansu da idonsu, korona kuwa ba ta yi musu irin ɓarnar da ta yi a Turai ba, kuma wannan ya rage gaggawa. Amma ko a kan koronar, da aka samu Johnson & Johnson mai allura ɗaya da yawa, Chadi ta shirya zagaye na gari-gari a 2022 har ta wuce Kamaru a yawan waɗanda aka yi wa, duk da ta fara a baya.

Tilastawa ma ba ta aiki sai da kaya a ƙasa. Da Shugaba Macron ya sanar ranar 12 ga Yuli 2021 cewa sai da takardar shaida za a shiga gidan abinci da jirgin ƙasa mai dogon zango, kusan mutum miliyan ɗaya suka nemi rana a Doctolib, shafin intanet na neman ranar ganin likita, cikin sa'o'i, kuma akwai allurar da za a yi musu. Mu ma mun ga ɗan misalinsa a Janairu 2022, lokacin da Garwa ta karɓi wasannin rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau a gasar cin kofin Afirka, aka shardanta riga-kafi kafin shiga filin Rumde Ajiya, aka kuma kafa wuraren yin allura kusa da jama'a. Samari da yawa da ake cewa ba za su taɓa yarda ba sun miƙa hannu. Abin da ya yi mini ciwo shi ne tsofaffi da masu hawan jini da ciwon sukari, waɗanda suka fi kowa bukata, ba su da wata gasa da za ta sa a kawo allura ƙofar gidansu.

Wannan magana ba ta wuce ba, domin Afirka har yanzu tana sayo kusan duk alluran riga-kafinta daga waje, kuma burin da Tarayyar Afirka ta sa na yin kashi 60 cikin ɗari a gida sai shekarar 2040. Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. Ranar 22 ga Janairu 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta shigar da allurar zazzaɓin cizon sauro cikin riga-kafin yara na yau da kullum, kuma arewa ce ta fi kowane yanki asarar yara a kan wannan cuta. Sau huɗu ake yin ta, daga wata shida har zuwa wajen shekara biyu, ma'ana uwa daga Pitowa ko Gidar ko Yagwa za ta goyo ɗanta ta zo sau huɗu. Ina roƙon 'yan majalisarmu na arewa da lamidai da ƙungiyoyinmu na mazauna waje su riƙa tambayar hukumomin lafiya, gunduma bayan gunduma, ko akwai firji mai aiki, ko an biya masu allura, ko kuma kason da gwamnati ke biya a sayen alluran ya fita a kan lokaci.