Malaman dirama, a riƙa duba abin da ake ba yara su yi

Duk sanda bikin yaye ɗalibai ya matso ko aka ce kulob ɗin dirama zai je gasa, sai ka ga malami yana ta lalube, ƙarshenta ko dai ya sauko da wani dogon jawabi daga intanet wanda aka rubuta wa yaran Amurka, ko ya zauna da daddare ya rubuta wa'azi kan shaye-shaye ya raba wa yara uku ya ce wai wasa ne. Ni dai duka biyun ban gamsu da su ba.

Na Amurkan nan, ɗan SS2 a Funtuwa zai tsaya yana ƙorafin wai yarinya ta ƙi raka shi rawar ƙarshen shekara, abin da bai taɓa gani ba balle ya ji zafinsa, hadda ce kawai yake zubawa, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a sama. Na wa'azin kuwa ya fi ban haushi, don babu wanda ke neman komai a wurin kowa, kowa fitowa yake ya faɗi illar ƙwaya ya koma. To ina wasan? Ko maganar mutum ɗaya ce, dole a ga da wa yake kuma me yake so a hannunsa, yarinya tana roƙon babanta ya bar ta ta gama makaranta, ko yaron shago yana shirya ƙaryar da zai yi wa maigidansa kan kuɗin da suka ɓata. Nan ne yaro zai san inda zai sassauta murya da inda zai yi shiru.

Kuma fa muna da namu, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga wasannin kwaikwayo da yawa. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi tun 1960 yake, ga Uwar Gulma na Mohammed Sada, ga Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Matsalar ita ce mun mayar da su littattafan jarrabawa, a haddace jigo da sunayen 'yan wasa a je a rubuta WAEC, ba a taɓa miƙewa an yi su ba. Ba sai an yi littafi sukutum ba, darasi minti 40 ne kuma aji cike maƙil, a ciro fitowa ɗaya mai minti biyar, mutum biyu ko uku, a raba aji rukuni-rukuni kowa ya gwada tasa. Malami ya fara karantawa da ƙarfi kafin ya yi fotokwafi, in ta yi masa nauyi a baki to yaran ma haka. Ya kuma shirya amsa tambaya, don yaran yanzu ba su san fam da sule ba, tun 1973 aka koma naira. Wasu wuraren kuma akwai maganar giya da karuwanci da sai an yi dabara in iyaye za su zo kallo, wannan gaskiya ce, firinsifal ba zai so kiran waya washegari ba.

Sannan tashe, wallahi ban san me ya sa muke raina shi ba. Daga goma ga azumi yaran nan da kansu suke shirya Jatau mai magani da tsoho da gemu ba malami ba littafi. Makarantun 'yan mata zalla da ke kukan wa zai fito a miji, ai a Ga Mairama Ga Daudu yarinya ce ke sa riga da hula ta zama Daudu, kuma ba wanda ya taɓa cewa komai.

Abin da ya rage shi ne a samu wani a sashen Hausa na BUK ko ABU ya nemi izinin masu haƙƙin littattafan nan ya tattara gajerun fitowa wuri guda, a rubuta a saman kowace mutum nawa take buƙata, maza nawa mata nawa, da minti nawa za ta ci.