Kashi 108 Cikin Ɗari

Waɗanda suka san sito ɗin da nake aiki a arewacin birnin Melbon sun san takardar nan da ake liƙawa a jikin firjin ɗakin shan shayi daga watan Maris zuwa ƙarshen Agusta, inda kowa yake rubuta ƙungiyoyin da yake ganin za su yi nasara a wasannin mako na gasar ƙwallon Ostireliya, wato AFL. Ba a sa ko sisi, da ana sawa da ban shiga ba. Abin da wanda ya zo na ɗaya yake samu shi ne gwangwanin biskit da bakin magana na shekara guda. A kakar 2022 na shiga ne don kada a ce baƙo yana ware kansa, alhali abin da na sani game da wasan bai wuce cewa filin da ƙwallon duk siffar ƙwai gare su ba. Saboda haka na ƙirƙiri hanyata, wadda ban faɗa wa kowa ba sai wani abokin aikina mutumin Kumasi, kuma wannan ne kuskurena na farko.

Hanyar ita ce in dubi laƙabin ƙungiyoyin biyu in tambayi kaina wa zai ci wani idan suka haɗu a daji. Geelong kyanwa ce, ƙungiyoyi da yawa kuma tsuntsaye ne, don haka kullum kyanwa nake ba, ita kuwa ta ƙare kakar a saman teburi. Brisbane zaki ne, Richmond damisa, ba na jayayya da su. North Melbourne dabbarsu ita ce kangaru, wadda ban san ƙarfinta ba, shi ya sa ban taɓa zaɓarta ba, sai ga shi wasa biyu kacal suka ci duk shekarar. Gaggafar West Coast ce kaɗai ta yi ta ba ni kunya har na haƙura da ita. Da wannan ilimi na dabbobi na kai mako na ƙarshe ina kan gaba da maki ɗaya, har ma'aikata suka fara gaishe ni da wata irin ladabi, suna tsammanin karatun akanta da nake yi a jami'a ne yake aiki.

Ranar Alhamis 18 ga Agusta shugabar sashenmu ta tare ni a bakin ƙofa ta ce gobe lokacin shayin safe zan yi wa jama'a sharhi a kan wasan Lahadi tsakanin Carlton da Collingwood a filin MCG, babban filin wasa na Melbon. Ita ’yar Carlton ce ta gado, mahaifinta ɗan Italiya ne da ya zauna a kusa da titin Lygon, kuma mayafin wuyanta shuɗi ya girme ni. Na amsa da sauri kafin in tuna cewa a wannan wasa hanyata ba ta da amfani. Collingwood dai tsuntsu ne mai baƙi da fari wanda ni hankaka nake ce masa, amma Carlton ba su da dabba ko ɗaya, launi kawai gare su, shuɗi, kuma ban san yadda hankaka zai yi kokawa da launi ba. Dole na kwana a gaban kwamfuta ina haddace abin da mutanen garin suka sha tun a nono.

Gaskiya kuma na haddace, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Da safiyar Juma'a na tsaya a gaban farin allo da alƙalami a hannu, mutum goma sha huɗu suna zaune da kofunansu, na fara da Carlton. Na ce a shekarar farko ta mai horarwa Michael Voss sun ci wasa 8 daga cikin 10 na farko, kuma tun farkon kaka ba su fita daga cikin takwas na sama da a lokacin suke zuwa zagayen neman kofi ba, wanda rabonsu da shi tun 2013. Na ce amma ƙafarsu ta fara rawa, domin sun sha kashi sau uku a jere a hannun Adelaide da Brisbane da Melbourne, na ƙarshen ma da tazarar maki 5, da gol ɗin da Kysaiah Pickett ya ci saura daƙiƙoƙi a busa jiniya. Na kawo maganar kyaftin ɗinsu Patrick Cripps, wanda aka dakatar na wasa biyu sannan aka soke hukuncin bayan ɗaukaka ƙara, da Charlie Curnow da yake kan gaba a masu cin gol na gasar, da abokin tafiyarsa a gaba Harry McKay, wanda ya ci wannan kambu a 2021. Na rufe da cewa nasara 12 gare su, guda ɗaya kawai suke nema su huta. Shugabar sashe tana ta gyaɗa kai kamar wadda ake karanta wa wasiƙar gida.

Da na juya kan Collingwood sai dattijon nan mai tuƙa motar ɗaga kaya ya ajiye jaridarsa, abin da ban taɓa ganin ya yi don wani ɗan Adam ba. Na ce a 2021 su ne na 17 cikin ƙungiyoyi 18, sai Craig McRae ya karɓe su, suka ci wasa 11 a jere kafin Sydney ta taka musu birki a makon da ya gabata. Na ce yawancin waɗannan nasarori da ƙyar da jiɓin goshi aka same su, kamar wadda Jamie Elliott ya ci Essendon da bugu bayan an busa jiniya, da wadda suka ci Carlton ɗin kanta da maki 4 a watan Mayu. Na yaba yaron nan Nick Daicos mai shekara 19, na kuma bayyana cewa idan suka yi nasara za su shiga huɗu na sama, inda ƙungiya take da damar faɗuwa sau ɗaya ba tare da an kore ta ba. Har wasan ƙarshe na cin kofin 1970 tsakanin ƙungiyoyin biyu na tono, wanda Carlton suka farfaɗo daga tazarar maki 44 a hutun rabin lokaci a gaban mutum 121,696, dattijon ya ɓata rai, shugabar sashe ta yi murmushi. Da a nan na zauna, da har yau ana ce mini masani.

Amma wanda ya ga ana sauraronsa ba ya son sauka. Akwai wani layi a teburin gasar da na gani da daddare, mai alamar kashi cikin ɗari a samansa, wanda na ajiye don ya zama hujjar ƙarshe. Na juya ga allo na rubuta da manyan lambobi: Carlton 108, Collingwood 104. Na ja layi biyu a ƙarƙashi, na rufe alƙalamin da ƙara, na dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce, cikin muryar da nake amfani da ita a gaban malaman jami'a, lissafi ba ya ƙarya, kuma hukumar gasar da kanta ta fitar da shi: damar Carlton ta cin wannan wasa kashi 108 ce cikin ɗari, ta Collingwood kuwa kashi 104 kacal.

Ɗakin ya yi tsit, har ana jin gurnanin firji. Ni kuma na ɗauka girman hujjar ne ya rufe musu baki, don haka na ƙara da cewa kashi huɗu ba abin wasa ba ne. Ina kallon wata yarinya daga sashen tattara oda tana cizon gefen kofinta, kafaɗunta suna rawa, na ce a raina sanyin Agusta ne. A nan mutumin Kumasi ya ɗaga hannu, kamar ɗalibi mai tarbiyya, ya tambaye ni da Turanci don kowa ya amfana, sannan ya maimaita da Hausa don ta fi shiga jikina: “Malam, a gafarce ni, idan aka haɗa 108 da 104 an sami 212. Ɗari dai ta wasan ce. Ragowar 112 ɗin, wa za a ba?”

Mai hankali a nan zai yi dariya ya ce wasa yake yi. Ni sai na buɗe alƙalamin na koma allo. Na ce ai wannan wasa ba kamar sauran wasanni ba ne, tunda sanduna huɗu ne a kowane gefe, wanda ya zura ƙwallo tsakanin na tsakiya ya sami maki 6, wanda ya kuskure ta bi ta gefe ma a ba shi maki 1, saboda haka a wasan da ake biyan mutum ladan kuskure babu mamaki lissafi ya haura ɗari. Har zanen sandunan na yi. Ina cikin zana na huɗu na ji wani sauti a bayana kamar an buɗe famfon da ya daɗe babu ruwa, na waiga na ga shayi yana fita ta hancin dattijon, yana dukan tebur da tafin hannu, ya kasa numfashi, ana bubbuga masa baya. Shugabar sashe ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ta taso a hankali ta karɓi alƙalamin daga hannuna kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro, ta rubuta cewa wannan lamba ana samun ta ne idan aka raba jimillar makin da ƙungiya ta ci duk kaka da jimillar makin da aka ci ta, aka ninka da ɗari, kuma amfaninta shi ne raba gardama idan ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki a teburi. Sannan ta tambaye ni, da murya mai taushi, shekara ta nawa nake a karatun akanta.

Game da mutumin Kumasi kuwa, ina so a san cewa tambayarsa ba ta neman ilimi ba ce. Shi kaɗai ya san maganar kyanwa da zaki, kuma shi ne yake bina a baya da maki ɗaya a takardar firji. Mutumin da bai taɓa taka filin MCG ba, wanda ya zaɓi Collingwood don kawai rigarsu baƙi da fari ce irin ta ƙungiyar ƙasar Ghana, wanda har gobe idan ɗan wasa ya cafke ƙwallo a sama aka ba shi bugu sai ya tambaya wa aka yi wa ƙeta, shi ne yau yake tambayata ragowar 112. Tun farkon kaka nake zargin yana jira in rubuta zaɓina ya kwafa, sai a wasa ɗaya ko biyu ya saɓa don kada a gane, kuma sau biyu na same shi tsaye a gaban firjin ba tare da ya buɗe shi ba. Da muka fito na ce masa da Hausa, ɗan'uwa, ko a Zango haka ake yi wa na gida? Ya ce shi ma ɗan'uwa ya ɗauke ni, shi ya sa ya tambaya kafin wani bare ya tambaya. Sannan ya nemi in ara masa kuɗin tiram.

Duk da haka ban janye ba, Carlton na rubuta a takarda, domin bayan abin da ya faru sauya ra'ayi zai zama kunya ta biyu. Ranar Lahadi 21 ga Agusta, kafin wasanmu ya ƙare, Western Bulldogs sun riga sun ci Hawthorn a Tasmaniya sun kai nasara 12, wato dole Carlton su kauce wa faɗuwa. A zubi na uku cikin huɗu Carlton suka zuba gol 8, suka shiga zubi na ƙarshe da tazarar maki 24, har na aika wa mutumin Kumasi saƙo mai lamba 108 kawai, ba tare da ƙarin bayani ba. A zubin ƙarshe Carlton ba su ci gol ko ɗaya ba sai maki ɗai-ɗai guda shida na kuskure, irin waɗanda na yi wa zane a allo, Collingwood suka ci biyar, na ƙarshen daga ƙafar Elliott ɗin nan dai, aka tashi 75 da 74. Hankaka, mai da ɗan wani naka. Carlton da Bulldogs suka yi kunnen doki a teburi, aka koma ga layin nan nawa mai alamar kashi cikin ɗari, Bulldogs 108.9, Carlton 108.3, aka bar Carlton a na tara.

Ranar Litinin na tarar ba a goge allon ba, sai dai dattijon ya ƙara waɗannan lambobi biyu a ƙarƙashin nawa, ya zagaye su, ya rubuta cewa ga inda ragowar ta tafi. Shugabar sashe ta yi mako guda ba ta yi mini magana ba sai ta takarda, kamar ni ne na buga ƙwallo shidan nan ta gefe. Mutumin Kumasi, wanda ya saɓa mini a wannan wasa da wani guda ɗaya, shi ya ɗauki gwangwanin biskit, ya zagaya da shi sashe-sashe yana raba wa mutane, bai iso wurina ba sai da ya rage guda biyu masu kwakwa, waɗanda ya san ba na ci. Daga baya ya kawo mini gwangwanin babu komai ya ce in ajiye don tarihi, yanzu yaji nake zubawa a ciki. Kuɗin tiram ɗin kuma har yau bai dawo da shi ba.