Allo Ya Ce a Rufe Take

A gindin mazurarin da muke tara garin alli akwai wata 'yar ƙofa mai faɗin milimita 200. Farantin ƙarfe ne kawai yake zamewa cikin tsagi biyu, silindar iska tana jansa tana tura shi. Bakin silindar milimita 63 ne, kuma idan matsin iska ya kai bar 6 (bar shi ne ma'aunin matsi), turinta ya kusa kilo 190, shi ya sa ba a wasa da yatsa a wurin. Kwamfutar inji, wadda muke kira PLC, ita ke ba da umarni: a buɗe, gari ya zubo kan ma'auni, a rufe kafin ya cika kilo 25, domin garin da ya riga ya baro ƙofa yana kan hanya, ba ya komawa.

Ran nan da dare layi ya tsaya cak. Ma'auni na nuna sifiri, mazurari kuwa maƙare da kusan tan biyu. A allo komai lafiya lau: a danna buɗe, fitila ta ce an buɗe, a danna rufe, ta koma kore. Kana ma jin silinda tana fitar da iska, fis, fis, abinta.

Wanda ya saba da gari mai laushi ya san wannan ciwon. Idan ya sha danshi ko ya kwana a danne, sai ya haɗe ya yi gada a saman ƙofa, ƙasa wayam, sama tan biyu na zaune a kai. Na danna rufe, fitila ta yi kore. Na kashe wuta na sa kwaɗo, na rufe bawul ɗin iska, na sauke ragowar iskar da ke cikin tiyo har agogon matsin iska ya dawo sifiri. Sannan na kwance kusoshi huɗu na murfin bututun da ke ƙasa, na cusa kai da tocila, da niyyar duba ko gari ya daskare a tsagi.

Maimakon faranti, sai na ga rami. Can sama kuma wani farin rufi mai lanƙwasa, sumul, gwanin kyau. Ina cikin tunanin ina faranti ya tafi, sai na ji muryar yaron da ke koyon aiki daga saman bene.

"Oga, in taɓa shi kaɗan?"

Kafin in haɗa "a'a", guduma ta sauka a jikin mazurari.

Ban san gari na iya gudu haka ba. Ya shiga ta wuyan riga ya fito ta ƙafar wando, ya cika aljihu, ya cika takalmi. Tabarau da takunkumi ne suka cece ni. Da na ja da baya na miƙe, mai tuƙa foklif ya kalle ni ya yi salati, ya saki sitiyari. Yaron ya leƙo daga sama cike da murna.

"Oga, ya sauka?"

Na ce ya sauka, Allah ya yi maka albarka, sauko ka ɗauki shebur.

Abin da ya faru ba wani sihiri ba ne. Sandar silinda da faranti, fil ɗaya ne mai kaurin milimita 16 ya haɗa su, shi kuma ɗan ƙaramin makulli ke hana shi zamewa. Wani bawan Allah ya taɓa ɓatar da makullin ya ɗaure wurin da waya. Girgiza ta cinye wayar, fil ya faɗi daidai lokacin da ƙofa ke buɗe. Daga nan silinda ta ci gaba da kai da kawo ita kaɗai. Na'urorin da ke gaya wa PLC an buɗe ko an rufe a jikin silinda suke, maganaɗisun fistin da ke kai da kawo a cikinta suke ji. Ba su taɓa ganin faranti ba, ba su san da zamansa ba. Allo bai yi ƙarya ba, labarin fistin ya bayar.

Gudumar ma ba ƙaramar ɓarna take yi ba. Kowane duka yana barin lotsawa a bango, gari kuma a lotsawar yake samun wurin tokarewa, sai gadar gobe ta fi ta yau ƙarfi. Injin girgiza ya fi, amma sai ƙofa na buɗe. In a rufe take, ƙara danne garin yake yi.

Washegari muka sa sabon fil da makullinsa na gaskiya, muka ɗaura na'ura mai jin ƙarfe a ƙarshen tsagi don ta riƙa jin farantin kansa, muka kuma ƙara ƙofar hannu a sama, wadda ake rufewa kafin kowa ya cusa kai. Injiniya ya rubuta wa PLC sharaɗi: in an buɗe sakan 5 ma'auni bai motsa ba, ta rufe ta yi ƙara.

Tsohon fil ɗin kuwa a jikin maganaɗisun da ke tace gari muka same shi, ya yi fari tas. Yaron ya roƙa a ba shi, na ce ya kawo gudumar mu yi musaya.